Kular da Ta Dawo Cike

Kafin ku fara jefo mini addu'o'i a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku bari in faɗa muku da bakina: wannan karon ni ce mai laifi. Ba Mamanmu ba, duk da yawan maganarta. Ba hanyar Bakori ba, duk da ramukanta. Ni ce, Rahab 'yar Malam Enoch ta Malumfashi, wadda kuke ta kira mai haƙuri. Sau huɗu ina rubuta shafin nan ina gogewa. Ku karanta, sannan ku ga ko sunan ya dace da ni.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni: Jonah saurayina ne, manomi ɗan Gozaki, shekararmu uku tare. A wayata Mai Masara na sa masa. Baba ya ce ranar godiyar kaka a cocinmu Jonah ya zo da kansa ya gaida kawunnaina, sati na zagayowa manyansa su zo tambaya. Har na kai atamfata ɗinki, koriya mai zanen ganye, na ce wa tela ya yi hannun da faɗi.

Saura sati biyar, Jonah ya taso daga kasuwar Bakori bayan an ɗauke ruwa, buhu biyu a bayan babur, babu hular kwano. Taya ta zame. Waɗanda suka ɗaga shi sun ce ya ɗan suma, da ya farfaɗo kuma yana ta tambayar ina takalminsa alhali yana ƙafarsa.

A asibiti a Funtua aka yi masa hoton kai. Likita ya ce babu karaya, babu jini, ƙwaƙwalwar ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai. Ya ce hutu, barci, a rage haske da hayaniya, ya daina kallon waya, abinci mai sauƙi, ruwa da yawa. Magani kuwa farasitamol kaɗai. Ya maimaita har sau biyu, ina tsaye a wurin: kada kowa ya ƙara masa wani.

Da na faɗa wa Mamanmu sai ta saki muciya a cikin tukunya.

"Farasitamol? Mutum ya daki ƙasa da kai a ba shi abin da nake sha in na gama wanki? Ko allura ɗaya babu?"

"Haka likita ya ce, Mama."

"To, Allah ya kyauta. Ni dai na ji a zumuntar mata ana cewa jiya ya gaida Fasto sau biyu a zama ɗaya."

"Mantuwa ce, za ta wuce."

"Ni ban ce komai ba. Ban hana ki ba, ban taɓa hana ki ba. Amma in ya zo gaban kawunnanki yana zare ido, a tambaye shi sunan babansa ya tsaya tunani, ki san ba ke kaɗai za a yi wa dariya ba. Kuma Levi malamin makaranta har yanzu yana tambayarki, na dai faɗa miki."

Na tashi na bar ta da tukunyarta. Amma maganar ta bi ni har ɗaki ta kwanta kusa da ni. Sati biyar. Ya Ubangiji, sati biyar kacal, da farasitamol?

Washegari na biya kemis ɗin Manu da ke bakin layinmu. Na yi masa bayani a hankali, kamar na wata ƙawata.

"Faɗuwar babur? Ai wannan kullum muna gani," in ji shi, hannunsa har ya kai kan kanta. "Haɗi zan yi miki, irin na 'yan acaɓa. Ga kafso ja da yalo don kada ciwon ya ruɓe daga ciki. Ga waɗannan farare na ciwon jiki, masu ƙarfi ne. Safe da yamma. Kwana uku zai tashi yana noma."

Ya ƙulle a farar leda. Na jefa a jaka ina jin kamar na sayo wa Jonah lafiya.

Na san ba zai sha ba. Jonah in likita ya ce kada, to an gama. Sai na yi dabara, kuma ku ji yadda na ji daɗin dabarar tawa a lokacin. Kullum da hantsi nakan dama kunun gyaɗa mai kauri, in zuba sukari da madarar gwangwani har ya yi zaƙi cau. In buɗe kafso in zazzage garin, in murƙushe fararen da bayan cokali. Tunda sau ɗaya nake zuwa a rana, sai in haɗa na safe da na yamma. In juye a kulata mai ruwan hoda, wadda na saya don ɗakin aurena. A ɗaya kular kuma farfesun kayan ciki mai yaji, ko soyayyar taliya tana ninƙaya a mai. In sa doguwar riga, in yafa gyale, in hau mota zuwa Gozaki kamar wata baiwar Allah.

A gidan su Jonah akwai abu ɗaya da ba a yi: kwanon budurwa ba ya komawa da abinci. In ya koma da ragowa, an ce ba a so ke nan, ko abincin ko mai shi. Na san haka. Da shi ma na dogara.

Ɗakinsa duhu, an ninka zanen zumuntar mata a kan taga saboda haske na sara masa kai. Yana kwance a katifa, ya ɗan rame, amma yana ganina ya yi murmushi.

"Uwargida ta iso. Yau me aka kawo wa gajiyayye?"

"Tashi ka sha, Mai Masara, kada ya huce."

Ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska. "Kamar da ɗan ɗaci a ƙarshe."

"Bakinka ne. Mara lafiya komai ɗaci yake ji."

Ya shanye tas, ya kife kofin ya nuna mini. Ni kuma na tafa masa.

Ana haka sai ga Gwaggo Kande da 'yar ƙwaryarta rufe da faifai. Gwaggo ƙanwar marigayi baban Jonah ce. Ita ta goye shi lokacin da mahaifiyarsa, Inna Mairamu, ta yi doguwar jinya. Ba ta zuwa coci, ba ta zuwa masallaci, tana nan kan addinin kakanni, ɗakinta can ƙarshen gida gindin tsamiya. Ba ta taɓa kiransa Jonah ba, sai Nomau, sunan da ta raɗa masa don da damina aka haife shi.

"Nomau, ga kindirmo, ga ɗan kwaɗon zogale. Da yamma in tuƙa maka na dawa da miyar kuka."

"Gwaggo, ciki ya cika. 'Yar birni ta riga ki."

Ta dube ni, ta dubi kulolina masu sheƙi, ta yi dariya da 'yan haƙoranta uku. "To amaryar ɗana, kin ƙwace mini shi. Kawo kwanukan in ɗauraye miki, hannun nan naki na lalle ba na toka ba ne."

Na miƙa mata. A raina har ina cewa, wa zai ba mara lafiya nono mai tsami da ganye in ba ƙauyanci ba? Allah ya gafarta mini.

Kwana huɗu, cikin Jonah ya fara ƙugi. Kwana shida, gudawa. Ƙirjinsa na zafi kamar an zuba barkono, barci ya ƙaurace masa, ciwon kan da ya fara sauka ya dawo sabo. Tunda ba ya iya kallon rubutu, saƙon murya yake turo mini.

"Rahab, yau sau bakwai na zagaya. In na tashi ɗakin juyawa yake. Kada ki damu, gobe zan warware."

Kun san me na yi? Na ce a raina ciwon ne ke fita. Na koma wurin Manu aka ƙara wani haɗin.

Ranar kwana na goma na tarar da gidan a hargitse. Inna Mairamu na tsaye tsakar gida kusa da shanyar masara, ɗankwali a hannu, ga wani ɗan ƙulli na baƙin tsumma a ƙasa. A ƙarƙashin katifar Jonah ta same shi. Saiwa ce a ciki da gashin kaza.

"Shekara talatin ina haƙuri da ke, Kande! Na ce ki yi abinki a gindin tsamiyarki, ban hana ki ba. Amma ɗana? Washegarin faɗuwarsa an gan ki kin yanka jan zakara. Yanzu ga wannan. Me kike zuba masa a nono?"

Gwaggo na zaune a kan turmi tana tsinke zogale. Ba ta ɗago ba.

"Na yanka zakara don ya tashi. Ƙullin nan shi na sa masa yana jariri da ƙyanda ta kama shi, ke ma kina gani. Nonon kuwa ko kurɓa ba ya yi, Mairamu. Karen gidan nan ne ke ƙiba da shi."

"Likita ya ce sati biyu zai warware, ga shi kullum baya yake yi. Na kira 'yan uwanki na Matazu. Asabar mota za ta zo."

Daga cikin ɗaki na jiyo muryar Jonah, siririya. "Inna, don Allah. A gidan nan aka haife ta."

Gwaggo ta kai shekara saba'in. Matazu rabonta da ita tun ana kashe kwabo. Na tsaya da kula a hannu, wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina, na danne shi. Na shiga na ba shi kunu. Da garin a ciki. Ku rubuta wannan ma.

Ranar Juma'a yayarsa, Anti Elizabeth, ta zo daga Funtua. Nas ce, mace mai gilashi da ɗan gajeren haƙuri. Ta duba idonsa, ta ja fatar hannunsa ta saki, ta danna cikinsa ya yi ƙara. Ta fito ta tara mu a inuwar rumbu.

"Wa ya ba shi magani bayan na asibiti?"

Inna ta nuna ɗakin Gwaggo da haɓa. "Ga mai magani can."

"Inna, ban da wannan. Ni na bature nake tambaya. Cikin yaron nan ya yi kama da na wanda aka ɗirka wa kafso da maganin ciwon jiki."

"To me ya haɗa ciki da kai? Shi da ya bugu a ka?"

Anti ta cire gilashi ta goge da bakin mayafi. "Hanya ce a tsakaninsu, Inna, kullum saƙo na kai da komo. Ba ki ga in hankalinki ya tashi cikinki ke fara murɗawa ba? In kai ya bugu, ciki ma yakan rikice. In ciki ya rikice, sai kai ya daɗe bai dawo daidai ba. A hanjin kowannenmu akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta masu amfani, ido ba ya ganinsu. Kin san madara ba ta zama kindirmo sai an ɗiga mata tsohon nono? To kamar haka, su ne irin da ke riƙe da cikin. Masu bincike ma ba su gama gano duk aikinsu ba. Kafso kuwa in an sha shi barkatai ba ya tambayar wane ne ɗan gida wane ne baƙo, shara yake yi. Fararen nan masu ƙarfi su kankare ciki, kuma ga wanda ya bugu a kai suna iya jawo zubar jini, shi ya sa likita ya hana. Yanzu ga shi ruwa ba ya zama a jikinsa, abinci ba ya zama, barci babu. Da me ƙwaƙwalwar za ta gyara kanta?"

Ta mayar da gilashin, ta juyo gare ni.

"Rahab, ke ce mai kawo abinci kullum. Ba ki ga ya sha wani abu ba? Ko abokansa sun kawo masa?"

Ledar na cikin jakata, jakar na kan cinyata. Na ji kamar kowa na jin ƙarar ledar.

"A'a, Anti. Ban gani ba."

"Shi ke nan. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari. A daina yajin nan da maiƙo. Kunu mara nauyi, tuwo mai laushi da miyar kuka, ɗan kindirmo mai tsabta in cikin ya lafa. Litinin in mayar da shi asibiti."

Wato duk abin da ke cikin ƙwaryar da na raina.

Inna ta ce ita dai ba ta ga kafso ba, ƙulli ta gani, kuma mota na nan zuwa.

A motar komawa na kifa kai a jikin kujerar gaba ina kuka, wata mata mai kaji tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Ina sauka na jefa ledar a masai. Sai ga saƙo daga Mai Masara.

"Kin isa lafiya? Kada maganar Anti ta dame ki, haka take da kowa. Ni yanzu a gidan nan ban san wa zan yarda da shi ba. Gwaggo ce ta goye ni, Rahab, amma Inna ta sa har na fara tsoron ƙwaryarta. Abincinki kaɗai nake ci hankalina kwance."

Sau nawa na saurara? Ban ƙirga ba. Na shirya wa kaina hujjoji masu kyau: na riga na daina, zai warke, Gwaggo za ta ga danginta, in an yi biki ni da kaina zan sa a dawo da ita. In na yi magana kuwa, Inna Mairamu ba za ta taɓa karɓar surukar da ta zuba wa ɗanta abu a abinci a ɓoye ba. Wace uwa ce za ta karɓa?

Asabar na dama kunun gero tsararo, babu madara, babu komai. Kunu na farko mai tsabta da na taɓa kai masa. Na sa atamfa mai duhu, ko hoda ban shafa ba.

Na tarar da motar a ƙofar gida, direba na ɗaure buhun dawa a sama. Kayan Gwaggo ba su da yawa: ƙullin tufafi, tabarma, tukunyar daddawarta, ƙwarya uku a jere. An fito da Jonah an zaunar a kujera a inuwa, ya rufe ido da hannu. Na ajiye kular a gabansa.

"Amaryar ɗana," Gwaggo ta kira ni daga bakin ɗakinta. "Zo ki kama mini tabarmar nan."

Na je. Ɗakin ya zama fayau, sai ƙanshin hayaƙi da daddawa. Ta kwance bakin zanenta, ta kamo hannuna ta sa mini wani abu ta dunƙule. Na buɗe. Rabin kwanson kafso ne, ja, ya yi laushi da ruwa.

"A murfin kularki ya maƙale, ranar Talatar makon jiya. Gindin kuma kullum da gari mai ɗaci, na lasa."

"Gwaggo... kin sani? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na zaci na asibiti ne kike ɓoye masa a kunu, yadda ake wa yara. Ni me na sani a maganin bature? Sai jiya da Alisabatu ta yi bayani na gane." Ta gyara ɗaurin zanenta. "In na faɗa yanzu, wa zai yarda da mai zakara? In ma sun yarda, Nomau ya rasa ki. Ni na ga abin da na gani a duniya, Matazu ma gari ne. Ke dai kada ki ƙara. Ki riƙa ba shi nono, yana so da ɗan gero a ciki. Ɗauki can, in ɗauki nan."

Ta ɗaga gefen tabarmar. Tsohuwar da aka kira mai sammu a gaban jikokin gidan, tana koya mini yadda zan ciyar da ɗanta bayan na kore ta.

Ban ɗauki tabarmar ba. Ban san lokacin da na fito tsakar gida ba. Na durƙusa a gaban Inna Mairamu, gwiwa biyu a kan ƙasa, na buɗe tafin hannuna.

"Inna, a sauke kayan Gwaggo. Ni ce."

Na faɗi komai. Manu, leda, bayan cokali, na safe da na yamma a haɗe, kwana goma sha ɗaya. Na faɗi ƙaryar da na yi wa Anti. Na faɗi dalilin ma, don shi ya fi muni: ina so ya tsaya a gaban kawunnaina garau, kada a yi mini dariya.

Anti Elizabeth ce ta fara magana. "Kwana goma sha ɗaya? Ninki biyu? Ba sai Litinin ba, yau za mu tafi. Direba, sauke dawar nan, Funtua za ka kai mu."

Inna ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ta daɗe tana kallon jan kwanson, sannan ta taka a hankali har inda tukunyar daddawa take, ta sunkuya ta ɗauka da kanta, ta nufi ɗakin gindin tsamiya. A bakin ƙofa na ji ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Kande, ina zan ajiye miki?"

Na juya wajen Jonah. Ya sauke hannu daga idonsa, duk da hasken na cutar da shi, yana kallona.

"Ranar da na ce miki da ɗaci," ya ce. "Kika ce bakina ne."

"Mai Masara, na yau babu komai a ciki. Na rantse maka, gero ne kawai da ruwa."

"Na yarda."

Ya sunkuya a hankali, ya sa yatsa biyu ya turo kular har ta taɓa gwiwata. Ko murfin bai taɓa ba.

"Gwaggo," ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, "in akwai sauran nonon nan, a sa mini a mota."

Haka na shigo Malumfashi da azahar, rungume da kula mai ruwan hoda, ɗuminta na ratsa atamfata. Mamanmu na tankaɗe a tsakar gida. Ta miƙo hannu ta karɓa yadda ta saba don ta ɗauraye, sai hannun ya yi ƙasa da nauyi. Ta dubi kular, ta dube ni. Ta miƙo mini ita, ta koma kan tankaɗenta.

Tela ya aiko da koriyar atamfar, tana kan gadona a ninke. Anti ta rubuto cewa an ƙara masa ruwa, an sake hoto, babu jini, kuma Gwaggo ce zaune a gefen gadonsa tana korar ƙuda. Ɗazu da la'asar saƙon murya ya shigo daga Mai Masara, daƙiƙa tara kacal. Ga wayar nan a gabana, ga kular a kan tebur, kunun ya huce ya yi fata a sama. Na kasa zubar da shi, na kasa danna saƙon.